DXCC ko WAZ: Wace ce Ta Fi Wahalar Samu?

Masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta na'urar rediyo don nishaɗi, waɗanda ke farautar tashoshin nesa, suna da lambobin yabo biyu da suke ji da su. DXCC ta ƙungiyar ARRL ce ta Amurka: ka tabbatar da magana da ƙasashe ko yankuna 100 cikin 340, da katin QSL (katin shaidar cewa kun yi magana) ko ta intanet. Adadin yana tsoratarwa, amma Turai kaɗai za ta ba ka fiye da rabin ɗarin.

WAZ, wadda mujallar CQ ta yi suna da ita, shiyyoyi 40 da aka raba duniya zuwa gare su kacal take nema, sai dai babu tsallake ko ɗaya. Nijeriya, Nijar da Gana duk shiyya ta 35 ce. A ganina WAZ ta fi wuya, domin shiyya ta 23, wajen Mongoliya, tana iya tsare mutum shekaru.