Sumoka mai kaskon ruwa: biriskit huɗu na gasa a cikinta, ga abinda na gani

Jama'a wata bakwai kenan da na sayi wannan tukunyar gashin hayaƙi, wadda ake cewa sumoka, kuma da gangan naƙi cewa komai a kanta sai da na gasa biriskit har sau huɗu a ciki, don kaza da kifi basu isa su gwada maka tukunya ba, awa biyu sun nuna an wuce wajen. Biriskit shine jarrabawar. Bazan faɗi sunan kamfanin ba don ba biyana sukayi ba, kuma kamfanoni da yawa suna ƙera irinta, kusan duk tsari ɗaya ne: doguwa a tsaye kaman harsashi, gawayi can ƙasa cikin wani zoben ƙarfe, kaskon ruwa a tsakiya, raga biyu a sama, 'yar ƙofa a gefe, ramukan iska uku a gindi ɗaya kuma a murfi. Tawa mai inci 18 ce.

Wanda bai san biriskit ba, naman ƙirjin saniya ne, tsokar da take tallafe da nauyin gaban dabbar a tsaye ko a tafe, shi yasa take da tauri da jijiya kaman me. In ka ɗorata akan wuta mai ƙarfi takalmi zaka ci. Sai an bita a hankali, zafi kaɗan kaɗan tsakanin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyas, awa goma sha biyu ko fiye, har jijiyar nan ta narke ta koma wani danƙo mai maiƙo a cikin naman. Mutanen Texas a Amurka su suka yi suna da wannan gashin, kuma a tsakiyar jihar gishiri da masoro kawai suke barbaɗawa, rabi da rabi, sai hayaƙin itacen oak. Nima haka nakeyi, wani lokacin in ƙara garin tafarnuwa kaɗan. To kunga abinda ake nema a wajen tukunya abu ɗaya ne tak, ta riƙe zafi iri ɗaya tsawon dare ba tare da ka kwana a tsugune a gabanta ba.

Kuma a wannan kam wallahi ta burgeni. Yanda nake hura ta: in cika zoben da gawayin da ba'a kunna ba, in cusa guntayen itace huɗu ko biyar masu girman dunƙulen hannu a tsakani, sannan in kunna gawayi kaman guda ashirin daban in juye garwashin a kai. Wutar sai ta riƙa cin gawayin daga sama zuwa ƙasa a hankali. Ramin murfi a buɗe yake kullum, da na ƙasa ake wasa, in zafi ya kusa kaiwa inda nakeso sai in rage su zuwa kwata. Da zarar ta zauna ta zauna kenan. A gashi na uku na ɗora nama ƙarfe goma na dare tana 112, nayi barcina, na tashi wajen huɗu da rabi na leƙa tana 109. Kaskon ruwan nan shine sirrin, ruwa baya wuce digiri 100 komai tafasarsa, so yana shanye zafin da yayi yawa, wuta ko ta ɗan yi tsalle baya bari ta kai ga naman.

Amma fa na farko ɓata shi nayi, kuma laifina ne ba na tukunya ba. Kilo shida na nama. Komai na tafiya daidai har zafin cikin naman ya kai 68, sai ya tsaya cak. Awa ɗaya, awa biyu, awa uku, lamba taƙi motsi, ni kuma ga baƙi na gayyata, madam tana ta leƙowa tana tambaya wai naman nan yau za'a ci ko sai gobe. Na buɗe ramukan iska duka, na ɗaga murfi yafi sau goma, ƙarshe haƙuri ya ƙare na sauke shi a 82 na yanka nan take. Ƙamshi kam ba'a magana, amma muƙamuƙi yasha aiki, ruwan naman duk ya malale akan katako. Daga baya na fahimci tsayawar nan ba matsala bace, duk biriskit sai yayi ta, galibi tsakanin 65 da 75. Naman ne yake gumi, ruwan da ke fitowa a jikinsa yana ƙafewa yana sanyaya shi daidai da yanda wuta take ɗumama shi, kaman dai mutum yayi zufa iska ta buso. Ko dai ka jira ruwan saman ya bushe da kansa, ko ka naɗe naman ka hana ƙafewar.

Na gwada naɗin iri biyu. Foyil yafi sauri, naman ya fito da laushi sosai amma baƙin ɓawon nan na sama, wanda saboda shi akayi wahalar, ya jiƙe ya zama kaman dafaffe. Takardar mahauta, ja-ja ɗin nan mara leda a jiki, tana barin tururi ya ɗan fita, ɓawon ya tsaya da ƙarfinsa. Ni takarda na zaɓa. Kada dai ka naɗe sai ɓawon ya kama, in ka kankara da farce bai biyo ka ba.

Yanzu inda ta bani haushi. Ma'aunin zafin da ke jikin murfi kwalliya ce kawai. Yana can sama a ƙoƙon murfi, nama kuma yana kan raga, randa na saka nawa ma'aunin mai waya na ga bambancin wajen digiri 15 tsakaninsu. Duk wanda zai sayi irin wannan tukunya ya haɗa da ma'auni mai tsinke biyu a lissafinsa tun farko, ɗaya a maƙale a raga ɗaya a soke a cikin naman, in ba haka ba tuƙi kake ido a rufe. Sai ƙofar gefe, falle ce siririya bata zama daram, sabuwa fil hayaƙi yake tsiyaya ta gefenta, iska kuma tana shiga ta nan ta ƙara ma wuta ƙarfi. Na ɗan lanƙwasa ta da hannu na manna mata igiyar nan mai jure zafi, kuma bayan gashi biyu uku maiƙo da hayaƙi suka toshe sauran kafofin da kansu. Murfi bashi da hinji, in ka ɗaga sai ka tsaya kana neman inda zaka ajiye shi da zafinsa. Wanke kaskon ruwa kuwa, hmm, ruwan kitse baƙi mai sanyi da safe, ba abin da mutum zai so gani bane kafin karin kumallo. Yanzu shimfiɗa masa foyil nake kafin in zuba ruwa, kuma ruwan zafi nake ƙarawa da butar shayi ta ƙofar, na sanyi yana kashe zafin tukunyar.

Girma ma abin dubawa ne. Ragar inci 18 bata kai tsawon cikakken biriskit ba, sai da na ɗora tsakiyarsa akan guntun itace ya ɗan yi doro kafin murfi ya rufu, bayan 'yan awanni dai yana tsukewa ya zauna. In iyalinka da yawa ko kana yawan tara mutane ka ɗauki mai inci 22, sai dai ita kuma cin gawayi gareta.

Iska ce babbar abokiyar gabarta, tafi sanyi illa. Daren da akayi iska gawayin da yake kaini awa goma sha ɗaya bai kai takwas ba. A samo mata lungu ko a kare ta da wani abu, amma a waje fa, kada wani yace zai shigar da ita gareji ko kicin ya rufe ƙofa, hayaƙin gawayi yana kisa kuma gubar cikinsa bata da wari. In dare yayi nisa toka tana taruwa ta shaƙe garwashin, ɗan bubbuga ƙafar tukunyar a hankali ya isa ta zube.

Na huɗun shine wanda nake alfahari dashi. Na rage kitsen sama na bar kaurin kusan rabin santimita, na jira farin hayaƙin farko mai kauri ya wuce sai da ya koma siriri mai ɗan shuɗi kafin na ɗora, don farin nan shi yake sa nama ɗaci. Na naɗe a 74, na fara soka tsinke daga 90, a 95 ya shige ko'ina ba turjiya kaman cikin man shanu. Sannan abinda na tsallake a karon farko: na naɗe shi da tsohon tawul na saka a kula awa uku. Wajen yanka a lura, tsoka biyu ce a haɗe, shimfiɗaɗɗiya mara kitse da kuma tudun mai kitse, kuma zaren naman kowacce inda ya dosa daban, dole ka gicciye zaren, in kazo tudun ka juya shi. Yanka mai kaurin fensir, na ɗora a yatsa ya lanƙwaso bai karye ba, na ja kaɗan ya rabu. Ga jan zoben nan a gefe wanda kowa yake ɗauka a hoto, duk da shi ado ne kawai, iskar da wuta ke fitarwa ce take kama launin naman, baya ƙara ɗanɗano.

Zan sake sayenta? Eh, in dai da ma'auni mai waya a gefe. Taurari huɗu cikin biyar na bata, ɗayan ƙofa da ma'aunin murfi suka cinye. Wanda yake son ya danna maɓalli ya tafi ba tashi bace, ya nemi mai lantarki. Kilo shidan nan kuma kada ku ɗauka shida zaku ci, bayan gyaran kitse da abinda wuta ta tsotse da ƙyar muka tashi da uku da rabi, kuma ko yanka ɗaya bai kwana ba.