Bita: sabon Sashe na Biyu na UUA a hannun ikilisiyoyi

Ƙungiyar Unitarian Universalist Association, wadda ake taƙaitawa da UUA, ta haɗa ikilisiyoyi kusan 1,000 a Amurka, hedikwatarta kuma tana Boston. Ba ta da wata aƙida da dole mutum ya furta kafin a karɓe shi. Abin da take miƙa wa ikilisiyoyinta ɗan rubutu ne a Sashe na Biyu na kundin dokokinta, wanda daga 1985 ya ƙunshi manufofi bakwai. A watan Yunin 2024 babban taron wakilai, wanda aka yi ta intanet, ya maye gurbinsu da sabon rubutu, da ƙuri'u kusan kashi 80 cikin ɗari. Idan aka auna shi da ma'aunin masu aiki da shi, wato fasto da malamar makarantar Lahadi da kwamitin ikilisiya, sabon ya fi tsohon amfani a zaman tattaunawa, amma wajen karantawa da baki a lokacin sujada tsohon ya fi shi nesa ba kusa ba.

Tsohon rubutun jimloli bakwai ne gajeru, daga darajar kowane mutum a ta farko zuwa girmama sarƙaƙƙiyar alaƙar da ke tsakanin dukan halittu a ta bakwai. A ƙarƙashinsu akwai jerin tushe shida da ƙungiyar ke ɗibar hikima daga gare su. Sabon ya sa ƙauna a tsakiya, ya kewaye ta da ɗabi'u shida: dogaro da juna, karɓar bambancin fahimta, adalci, sauyawa, karamci da daidaito. Ya zo da zane kuma, kofin nan mai harshen wuta da ake kunnawa a farkon kowace sujada, kalmar ƙauna a kan wutar, ɗabi'un shida na kewaye da ita.

Ƙarfinsa yana cikin ginin kowace ɗabi'a. Ana fara bayyana ta, sannan a biyo da abin da aka yi alkawarin aikatawa. Tsohon rubutun cewa kawai ya yi ikilisiyoyi sun yarda su tabbatar da manufofin su kuma yaɗa su, don haka mutum na iya gyaɗa kai shekara talatin ba a tambaye shi me ya yi ba. Sabon yana ba jagoran zama abin kamawa. Tsarin da ya fi dacewa da shi shi ne na ƙananan rukunoni da waɗannan ikilisiyoyi suka saba da shi: mutum takwas zuwa goma, zama bakwai, kowanne kamar awa ɗaya da rabi. A kunna kofin, kowa ya faɗi halin da ya zo da shi a minti biyu, a karanta ɗabi'a ɗaya sau biyu da muryoyi daban-daban, a yi shiru kaɗan, sannan a zagaya ba tare da katse mai magana ba. Tambayar da ke fitar da magana ita ce wane alkawari ne ikilisiyar ta kasa cikawa a bana. Idan rukuni ya haura mutum goma sha biyu, lokaci zai ƙare kafin a zagayo, masu kaifin baki su cinye zaman. A bar ƙauna zuwa zama na bakwai. Idan aka fara da ita kowa zai yarda, zancen ya mutu tun a bakin ƙofa.

Sai dai ranar Lahadi ake ganin rauninsa. Manufofi bakwai suna shiga bayan takardar tsarin sujada, ko katin da ake sawa a aljihu, jama'a su karanta tare cikin ƙasa da minti ɗaya. Sabon ya ninka shi tsawo, jimlolinsa na kwamiti ne, numfashi kan ƙare kafin a kai aya. Mafita ita ce a ɗauki ɗabi'a ɗaya a mako, fasto ya karanta bayanin, jama'a su amsa da sashen alkawarin. Da yake ɗabi'un ba su da lamba, an rasa sauƙin cewa "manufa ta biyar" kowa ya gane zancen dimokuraɗiyya ake yi. Shi ya sa aka ƙirƙiro JETPIG daga haruffan farko na sunayensu a Turanci, har ana zana ɗan alade mai tashi sama domin yara. Dabarar tana aiki, ko da yake ƙauna, uwar tafiyar, ba ta cikin haruffan. A makarantar Lahadi da ma launuka bakwai na bakan gizo ake amfani da su, kowane launi da manufarsa, yanzu lissafin bai zo daidai ba sai an ba ƙauna launi guda.

Masu cewa an zubar da tsofaffin manufofin sun ɗan wuce gona da iri, domin yawancinsu suna ciki, an dai sauya musu mazauni. Neman gaskiya cikin 'yanci ya koma ƙarƙashin karɓar bambanci, dimokuraɗiyya ta shiga ƙarƙashin adalci, 'yancin bin lamiri ya koma sakin layin 'yancin imani. Yaƙi da wariyar launin fata, wanda Paula Cole Jones da Bruce Pollack-Johnson suka tsara a 2013 a matsayin manufa ta takwas, ikilisiyoyi fiye da 200 suka amince da ita a ƙashin kansu, shi ma ya shiga ƙarƙashin adalci. Asarar gaske a jerin tushe take. Da ana ambaton koyarwar Yahudawa da Kirista, da ta masu fifita hankali da kimiyya, da al'adun da ke girmama ƙasa, kowa da layinsa. Sabon ya dunƙule su a sakin layi ɗaya ba sunaye. A ikilisiyar da Kirista da wanda bai yarda da Allah ba ke zama a benci ɗaya, layin da ke ambaton tushensa a tsohon jerin shi ne shaidar kowa cewa nan gidansa ne.

Hanyar da aka bi ta cancanci yabo. Dokar ƙungiyar ta ce a sake duba sashen duk shekara 15. A 2009, a taron Salt Lake City, ta leƙo ta koma: an kawo gyara, wakilai ba su da damar taɓa ko kalma, sai i ko a'a, aka kayar da shi da ratar ƙuri'u 13. Wannan karon an naɗa kwamiti a 2020, ya miƙa rahoto a Janairun 2023, aka yi ƙuri'ar farko a Pittsburgh a bazarar shekarar tare da karɓar gyare-gyare, ta ƙarshe kuma ta buƙaci kashi biyu cikin uku. Duk da haka neman a ƙara ɗabi'u biyu, wato hankali da zaman lafiya, bai samu shiga ba a 2024.

Kwamitin ikilisiya ya fara da duba nasa kundin. Kowace ikilisiya mai cin gashin kanta ce, al'adar da ta samo asali daga yarjejeniyar da ikilisiyoyin arewa maso gabashin Amurka suka ƙulla a garin Cambridge a 1648, don haka Boston ba ta da ikon cire allon manufofi bakwai daga bangon kowa. Idan kundin ikilisiya ya ce tana bin manufofin UUA, ma'anarsa ta sauya da kanta. Idan kuwa an kwafe bakwai ɗin kalma da kalma, suna nan daram sai taron mambobi ya gyara, bisa wa'adin sanarwa da yawan ƙuri'un da kundin ya tanada. Littafin waƙoƙi mai ruwan toka, Singing the Living Tradition na 1993, yana ɗauke da tsohon rubutun a shafukan farko. Manna takarda a cikin bango ya fi sayen sababbi sauƙi. Masu sayo kayan koyarwa daga Kanada su lura: majalisar Unitarian ta ƙasar tana tafiyar da harkokinta daban tun 2002, ta ƙara manufa ta takwas a Nuwamban 2021, kuma ƙuri'ar 2024 ba ta shafi rubutunta ba.