Wane Keke Za Ka Saya Don Hawan Asuba Da 'Yan Uwa?

Mukan haɗu bayan sallar asuba, mu zagaya a kan kekuna ta Bompai da Nasarawa a nan Kano, wani lokaci mu miƙa har Hotoro, mu dawo kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi. Kilomita 25 ne ko 30, awa ɗaya da 'yan mintuna, kowa ya koma gida ya yi wanka ya tafi aiki. Duk wanda ya fara binmu tambayarsa ɗaya ce: wane keke zan saya?

Phoenix ɗin da ke jingine a zaure zai kai ka kasuwa ya dawo da kai da buhun masara, amma giyarsa ɗaya ce, nauyinsa kuma ya kusa ninka na keken tsere. Keken hawan dutse mai faffaɗar taya ya fi shi, yana shanye rami, sai dai ƙurajen tayarsa suna cin ƙarfinka a kan kwalta. Na ga masu ƙarfi sosai suna haki a baya saboda shi. Idan shi ke hannunka, sauya masa taya mai santsi ka fara da shi, kada rashin kuɗi ya hana ka fitowa. Mai sayen sabo kuwa, zaɓinsa yana tsakanin keken tsere mai lanƙwasasshen kai da mai miƙaƙƙen kai. Na biyun ya fi daɗin zama ga mai ciwon baya, na farkon ya fi yanka iska, kuma shi zan ce ka ɗauka idan da gaske kake.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne bodin keken. Kabon, wato bodin da aka yi da zaren kabon maimakon ƙarfe, ba shi da nauyi, shi ya sa ido ke kansa. Amma yawancin kekunan da ke shigo mana na hannu ne daga Turai, ba ka san faɗuwar da suka yi ba, kabon kuma yakan tsage ta ciki fenti yana nan lafiya lau. Mai walda ba zai iya masa komai ba. Alminiyam mai kilo 9 ko 10 daga kamfanin Giant ko Trek ya ishi hawan safe, idan ya bugu za ka ga lotsawar da idonka. Kilo ɗayan da kabon zai rage maka ba za ka ji shi ba a Kano, inda ba mu da hawa mai tsawo.

Giya ma haka. Kamfanin Shimano mai ƙera giyar keke na da Claris mai haƙora jeri 8 a baya, Sora 9, Tiagra 10, sai 105 mai 11 ko 12. Duk yadda jerin ya ƙaru sarƙa tana ƙara sirancewa, tana ƙara tsada, samunta yana ƙara wuya. Ni Sora nake hawa, ban taɓa jin ta gaza ni ba. Kafin ka biya, tambayi mai gyaran kekenka wace sarƙa yake iya samo maka cikin kwana biyu.

Taya ce ta fi damuna. Tsofaffin kekunan tsere suna zuwa da mai faɗin milimita 23, wadda aka yi don kwalta mai laushi. Titunan unguwanninmu akwai tudun rage gudu, akwai yashi a gefe, ga ƙusa da fasasshiyar kwalba. Nemi keken da bodinsa zai ɗauki milimita 28, in da hali 32. Masu birkin faifai sun fi ba da wannan fili, masu birkin roba da yawa ba sa wuce 28. Birkin roba kuma kowane mai gyara ya san shi, birkin faifai mai aiki da mai kuwa sai wanda ya ƙware. Ka duba bawul: siririn nan da ake kira Presta ba ya shiga famfon mai faci, don haka sai ka riƙe naka famfon da tif guda a aljihu.

Kada araha ta sa ka ɗauki keken da ba girmanka ba. Mai tsawon santimita 170 zuwa 175 yakan dace da bodi mai lamba 52 ko 54. Hau ka zagaya, idan kana miƙa hannu da ƙyar ka kamo birki, ajiye shi.

Ka ware kuɗin hular kwano da fitilu biyu, fara a gaba, ja a baya. A watan Janairu rana ba ta fitowa sai wajen bakwai saura, ga hazo, direban da ke tahowa ba ya ganinka. A tafiyarmu wanda ba shi da jar fitila ba ma barinsa ya zauna a ƙarshen layi, tsakiya muke sa shi har gari ya waye.