Madarar jariri a jirgin sama: gari da fulas, ko wadda aka haɗa tun daga kamfani?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya. Za ta tashi daga Kano zuwa Jidda da jaririnta ɗan wata huɗu, kuma madarar gwangwani yake sha. Tana son sanin wanne ya fi: ta tafi da garin madara da fulas ɗin ruwan zafi, ko ta nemi madarar ruwan nan da ake sayarwa a ƙananan kwalabe, ko kuwa ta dama komai tun daga gida ta zuba a fida ta huta.

Hajiya, hukuncin duka ya rataya ne a kan abu ɗaya. Yawancin iyaye ruwa suke tsoro, suna ganin garin da ke cikin rufaffen gwangwani ba shi da wata matsala. Alhali ba a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin garin madara gaba ɗaya a masana'anta, jefi-jefi akan sami ƙwayoyin cuta irin su Cronobacter ko Salmonella a ciki. Cronobacter ba ta cika kama yara ba, amma in ta kama jariri sabon haihuwa tana iya jawo sanƙarau ko ta shiga jini. Dalilin ke nan da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar abinci ta FAO, a ƙa'idojin da suka fitar a 2007, suka ce a dama garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Wato zafin nan saboda garin ake nemansa. Ruwan gora ko tafasasshen ruwan da ya huce, komai tsabtarsa, ba ya kashe abin da ke cikin gari.

Ta wannan fuska madarar ruwa ta yi wa gari nisa. An riga an kashe ƙwayoyin cutarta kafin a rufe kwalbar, ba awo, ba ruwan zafi, ba jiran ta huce. Ki girgiza, ki buɗe, ki juye a fida mai tsabta, shi ke nan. Tana zuwa a kwalabe irin na mililita 70 da na 200, kuma ba sai an ɗumama ta ba in yaron zai karɓa a haka. Idan jariri bai kai wata biyu ba, ko bakwaini ne, ko an haife shi da ƙarancin nauyi, ko garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, mu dai ba ma wani dogon lissafi, ita za a nema. Aibinta tsada da nauyi, ga shi ba kowane kanti ake samunta a wajenmu ba. Ɗanɗanonta ma yakan ɗan bambanta da na gari ko da kamfani ɗaya ne ya yi su, don haka a gwada wa yaro kwana biyu ko uku kafin tafiya, kada sai an lula sama ya kau da kai. Kwalbar da aka buɗe a jirgi, tunda babu firij, ragowarta ba ta wuce awa biyu.

Gari da fulas kuwa shi ne mai araha, kuma shi ne abin da yaron ya saba, amma nan ne aikin yake. Ki tafasa sabon ruwa dab da fita daga gida. Ki fara ɗauraye cikin fulas ɗin da tafasasshen ruwa ya ɗauki zafi, ki zubar, sannan ki cika shi har wuya ki rufe gam. Cikakken fulas mai kyau yana riƙe ruwa sama da digiri 70 na awanni da dama, amma da zarar an fara tsiyaya, iskar da ta maye gurbin ruwan tana saurin sanyaya ragowar. Shi ya sa ƙananan fulas biyu na rabin lita suka fi babba guda ɗaya: na biyun yana nan a rufe har lokacinsa ya yi. Garin kuma ki auna shi tun a gida, kowane sha da ɗan mazubinsa busasshe mai murfi, domin awo a kan ɗan teburin kujera, ga yaro a cinya ga maƙwabci yana motsi, ba ya fita daidai.

Ruwa ake fara zubawa a fida, a duba layin awo, sannan gari ya biyo. In aka fara da gari, ruwan da zai shiga ba zai kai adadin ba, madarar ta yi kauri. Yawancin madarar da ake sayarwa a Najeriya da Ingila cokali ɗaya ne shafaffe ga kowane mililita 30, amma irin su Similac da Enfamil na Amurka cokali ɗaya ne ga mililita 60, saboda haka cokalin wani gwangwani ba ya aiki a wani. Gari ya yi yawa, yaro ya samu taurin bayan gida da ƙarancin ruwa a jiki. Ruwa ya yi yawa, bai ƙoshi ba, kuma gishirin jininsa na iya sauka. Wasu gwangwanayen sukan rubuta a dama da ruwa mai digiri 40, galibi don kada zafi ya kashe ƙwayoyin amfanin da aka ƙara a ciki. In madarar musamman ce da likita ya rubuta, kamar ta masu yawan tumbiɗi, a bi umarninta. In ta gama-gari ce, a ganinmu rasa waɗancan ƙwayoyin na yini guda ya fi sauƙi a kan kasadar.

Wurin da fulas ke ba mutane wahala shi ne hucewa. Madara mai digiri 70 tana ƙona bakin jariri, kuma a jirgi babu famfon da za a tara fida a ƙarƙashinsa. Ki roƙi ma'aikatan jirgi kofi babba da ƙanƙara da ruwan sanyi, ki tsoma fidar a rufe, ruwan kada ya kai wuyanta balle ya taɓa kan da yaro zai tsotsa. Ki riƙa jujjuya ta, sannan ki ɗiga a cikin wuyan hannunki, ki ji ɗumi-ɗumi kawai. Wannan yana cin mintuna, don haka ki fara tun kafin lokacin shansa, ba sai ya ɓare baki ba. Kuma kada a buɗe fulas jirgi yana cikin gargada ko fitilar ɗamara tana kunne. Akwai masu dabarar zuba ɗan ruwan zafi kaɗan su narkar da gari, sannan su cike da mai sanyi. Tana da sauri, sai dai ɗan ruwan nan yana haɗuwa da fida mai sanyi da gari yake sauka ƙasa da digiri 70, ga kuma sauƙin kuskuren awo.

Damawa tun daga gida ita ce mafi rauni a cikin ukun. Madarar da aka dama awa biyu take yi a waje. In an sanyaya ta sosai a firij aka sa a jakar sanyi da ƙanƙara, awa huɗu. Ke kuwa ki lissafa: fita daga gida, awa uku a filin jirgi, wajen awa biyar a sama, layin shige da fice a Jidda, sannan mota zuwa masauki. Ko jirgi bai yi jinkiri ba an doshi awa goma sha biyu. Iyakarta fida ɗaya ta shan farko a ɗakin jira.

A wurin bincike na filin jirgi, dokar da aka kafa tun 2006 ta hana wucewa da abu mai ruwa a mazubin da ya fi mililita 100, ta yi wa abincin jarirai sassauci a galibin ƙasashe. Madarar ruwa da ruwan damawa suna wucewa gwargwadon buƙatar tafiyar. Ki ware su a jaka guda, ki fito da su, ki faɗa wa jami'in tun kafin ya tambaya. Rufaffiyar kwalbar kamfani takan fi saurin wucewa, fulas na ƙarfe kuwa ana iya cewa a buɗe a gwada. In aka ƙi barin ruwan, ki zubar, bayan kin wuce ki nemi mai shayi a ciki ya tafasa miki ruwan gora ya cika fulas ɗin. Mai yada zango a Alkahira ko Adis Ababa ta sa ran wani binciken kuma. Ruwan zafin da ake shayi da shi a jirgi yawanci daga tankin jirgi yake, kuma ba ki san zafinsa ba lokacin da ya iso hannunki, don haka amfaninsa ɗumama fida ta waje. Na banɗaki ko ɗauraye fida ba a yi da shi.

Ga lissafin guzuri. Jariri ƙasa da wata shida yana shan kimanin mililita 150 ga kowane kilo na nauyinsa a yini. In naki kilo 6 ne, mililita 900 ke nan, wato sha shida na mililita 150, kowanne cokali 5 in madarar ta awon 30 ce. Awa goma sha biyu sha uku ne, ki ninka ya zama shida saboda jinkiri, kuma duka a jakar hannu, har da gwangwanin in da hali, don akwati na iya maƙalewa a baya. Ga ɗan wata huɗu mai lafiya, fulas biyu da gari sun wadatar, muddin zafin ruwan bai sauka ƙasa da digiri 70 ba. In kin samu madarar ruwa ko kwalba biyu ce, ki ajiye su don cikin jirgi, fulas ya yi aikin ƙasa.

Ko wacce kika zaɓa, kowane sha da fidarsa. Ki wanke su, ki tafasa minti 10, ki harhaɗa da murfinsu, suna kai awa 24 a haka. Ki wanke hannu ko ki shafa man kashe ƙwayoyin cuta kafin ki taɓa su. Abin da yaro ya fara sha ya rage, bayan awa ɗaya a zubar, saboda yawunsa ya riga ya shiga. Sannan ki daidaita sha ɗaya da lokacin da jirgi ya fara gangarowa, kamar rabin awa kafin sauka, domin haɗiya tana buɗe masa kunne. Ki ɗan sassauta murfin fidar ki sake ɗaurewa kafin ki ba shi, don canjin matsin iska yakan sa madara ta yi tsartuwa ta kan fidar ta shaƙe yaro.