Sharhi: zagayen gidan kason mata na Cascades a Hobart

Da na je Hobart, a tsibirin Tasmaniya, duba ƙanwata da ke karatu a can, ita ta nace sai mun je Cascades Female Factory. Na zaci masana'anta ce. Ashe gidan kaso ne inda aka tsare matan da kotunan Birtaniya suka koro zuwa Ostireliya, ya yi aiki daga 1828 zuwa 1856. Yawancinsu ƙaramar sata ce ta kawo su, tufafi ko 'yan kuɗi, aka yanke musu shekara 7, kuma kaɗan ne suka sake ganin gida.

Ku biya kuɗin mai zagayawa da baƙi, kar ku yi ƙyashi. Galibin gine-ginen sun rushe, sai dogayen katangun dutse da fili, da gidan shugabar masu tsaron matan. Matar da ta zagaya da mu ita ta raya wurin. Ta tsayar da ni cikin alamar da aka yi a ƙasa ta ɗakin kaɗaici, faɗinsa bai kai buɗin hannuwana biyu ba.

Gidan yana gindin dutsen Wellington, a bakin rafi, ga danshi ga sanyi. Ina sanye da rigar sanyi biyu ina makyarkyata, mai zagayawar tana ba mu labarin 'yan aji na uku, wato rukunin fursunonin da ake yi wa horo, da ke yini suna wanki ko warware tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa masu kwalta da yatsunsu. Wadda ta taɓa wankin asuba da hunturu ta san yadda hannu ke tsagewa.

Maganar yaye ce ta karya mini zuciya. Ana tura mace aikatau gidan wani, in ta yi ciki a dawo da ita, ita kaɗai ce mai laifi. Ta haihu, ta shayar, a raba ta da ɗan, sannan ta yi wata 6 a aji na uku. Jariran kuwa a cunkushe suke ɗaki guda, gudawa ta yi ta ɗaukar su. Ni uwa ce, wallahi a nan na kasa riƙe hawaye, sai da ƙanwata ta ce, "Yaya, zo ki zauna."

UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2010, kuma ya cancanta. Ku ware masa awa biyu, ku tafi da mayafi mai kauri.