Alƙalamin zane a tabilet: wanne ke jin nauyin hannu?

Tela mai fitar da zanen wuyan babbar riga, da mai tsara zanen lalle, da mai yi wa shaguna tambari, buƙatarsu ɗaya ce: in an danna layi ya yi kauri, in an sassauta ya sirance. Alƙalami kaɗai ba ya yin wannan, sai gilashin tabilet ya san shi. Don haka tabilet ake fara zaɓa, sannan alƙalami.

Mai bakin roba da ake sayarwa tare da kayan salula a babbar kasuwar Maradi yatsa ne kawai da aka yi wa siffar biro. Ba ya jin danni, kuma da ka aza tafin hannu kan gilashi zane ya ɓaci.

S Pen na Samsung shi ya fi dacewa da mu. Yana aiki da fasahar kamfanin Wacom: akwai wata shimfiɗa ƙarƙashin gilashin da ke ba shi ƙarfi ta maganaɗisu, don haka zane da shi ba ya buƙatar caji. A garin da ake yawan ɗauke wuta lokacin zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yana da matakan danni 4096, kuma yana zuwa cikin kwalin Galaxy Tab S6 Lite da Tab S9 FE. Amma Tab A8 da A9 ba su da wannan shimfiɗar, ko ka sayo S Pen na asali ba zai yi komai a kansu ba. Sannan rigar tabilet mai maganaɗisu a bayanta tana iya sa layi ya karkace ko ya yanke a wuri ɗaya. Kafin ka ce alƙalami ya lalace, cire rigar ka sake gwadawa.

A ɓangaren iPad ne aka fi yin asarar kuɗi. Apple Pencil na farko na 2015, da na biyu na 2018, da Pro na 2024 duk suna jin danni. Mai USB-C na 2023, wanda ya fi araha, ba ya ji sam, haka Logitech Crayon da fararen jabun da ke kama da na asali. Kowane iPad kuma da irin wanda yake karɓa. iPad na 10 yana karɓar Apple Pencil na farko amma sai da ɗan mahaɗin caji. Batirin Apple Pencil ba a canzawa, in ya daɗe a ajiye ba caji yana iya mutuwa gaba ɗaya, saboda haka na hannu da ya yi watanni a durowa abin tsoro ne. Abin da ke sa a jure duk wannan shi ne manhajar zane ta Procreate, wadda iPad kaɗai ke da ita. In manhajojin zane na ibisPaint ko Krita sun ishe ka, iPad ba dole ba ne.

Akwai alƙaluma masu cin ɗan siririn batir AAAA, kamar wasu na tabilet ɗin Surface na Microsoft. Tambayi inda za ka samo batirin kafin ka biya, don ba irin na rimot ba ne.

Mai ƙaramin ƙarfi da ke da kwamfuta ko salula Android ya duba allon zane marar gilashi na Wacom, Huion ko XP-Pen. Alƙalaminsu shi ma ba batir, ana jona allon da salula ta OTG, wato ɗan mahaɗin USB, in salular tana karɓa. Hannu na kan allo, ido na kan fuskar na'ura, sai an ɗan saba.

Kada lambobi su ruɗe ka. Tsakanin matakan danni 4096 da 8192 ko 16384 hannu da wuya ya bambance. Abin dubawa shi ne ko alƙalami na kama layi da taɓawa mafi sauƙi. A gaban mai shago, buɗe manhajar zane, zaɓi buroshi mai bin danni, ja layi daga sassauci zuwa ƙarfi ka dawo. Kaurin ya hau a hankali, ba tsalle. Aza rula a karkace ka ja layi sannu sannu, in ya fito da lanƙwashe-lanƙwashe, haka zai yi maka kullum. Gwada kusurwoyi huɗu, ka kuma kwantar da tafin hannunka kana zane. In iPad na hannu ne, mai shi ya fita daga iCloud, wato asusunsa na Apple, a gabanka, in ba haka ba ka sayi ƙarfe.

Tsinin yana cinyewa, musamman kan ledar gilashi mai kaushi irin ta takarda. Da hunturu kuwa ƙura na shiga tsakanin tsini da gilashi tana karce shi, sai a riƙa gogewa da tsumma mai laushi kafin a fara. Mai yi maka sautu daga Kano ya haɗo da tsini na canji tun a sayen farko, ka kuma tura masa cikakkiyar lambar samfurin da ke bayan tabilet ɗin.