Musallaj ko akis? Amsa ga Maman Walid kan gilashin tagar banɗaki

Maman Walid sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a tare lafiya. Na ga tambayarki tun jiya, kin ce ginin naku na unguwar Hamdaniyya a Jidda ya zo wajen saka tagogi, mugawil, wato ɗan kwangila, ya ce ku zaɓi ɗaya tsakanin gilashin musallaj (mai hazo-hazo) da akis (mai kama da madubi) na banɗakuna, ke kuma akis ɗin ne ya kwanta miki don zai yi kala ɗaya da sauran tagogin gidan, sannan wata ta ce miki ki saka farin gilashi na gama-gari da ake gani ta cikinsa kawai ki manna masa sitika. Toh ni na daɗe ina aikin alminiyum a warsha, wato shagon aiki, nan Jidda kafin gwiwa ta hana ni hawa tsani, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Akis dai, wato mai kama da madubi ɗin nan, ki cire shi a lissafin banɗaki gaba ɗaya. Ba wai gilashin banza ba ne, a majalisi da falo yana da rana, yana rage zafin rana sosai. Amma sirrinsa ba a jikin gilashin yake ba, a haske yake. Duk ɓangaren da haske ya fi yawa nan ne yake zama madubi. Da rana waje ya fi haske, na waje sai ya ga fuskarsa, ke ta ciki kina ganin kowa. Da an yi magariba kin kunna fitila sai labari ya juya, ke ce za ki riƙa ganin kanki a madubi kina zaton a rufe kike, na waje kuwa yana ganinki tar kamar talabijin. Kuma yaushe aka fi shiga wanka a ƙasar nan in ba da asuba da dare ba? Akwai wani gida da muka yi wa aiki, mai gidan ya kafe sai akis har banɗaki don kar gaban gidan ya yi kala biyu, mu'allim ɗinmu, wato oganmu na aiki, ya yi masa bayani ya ƙi ji, ba a yi wata ba wata tsohuwa maƙociyarsu ta shigo ta ja uwargida gefe ta faɗa mata. Wallahi ranar da muka koma canzawa matar ko gaisuwarmu ba ta iya fitowa ta amsa ba don kunya.

Musallaj shi ne wanda ya yi fari-fari kamar hazo, shi dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa domin fuskar gilashin aka kankare, haske yana wucewa amma a warwatse, siffa ba ta wucewa. Sai dai iri biyu ne kuma masu warsha ba sa cika bambanta wa mutum in bai tambaya ba. Akwai wanda ake fesa wa yashi da ƙarfin iska, akwai wanda ake ci da asid tun daga masana'anta. Ki shafa da yatsa za ki gane, na yashi yana da kaushi, na asid sumul yake. Na yashi yana riƙe datti, maiƙon hannu ko kumfar sabulu in ya taɓa shi sai ya bar tabo mai wuyar fita, ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, in ruwa ya jiƙa ɓangaren da aka kankare ɗin sai ya cike ƴan ramukan, gilashin ya ɗan washe, a fara gano abin da ke bayansa. Kin ga taga kusa da shawa kullum a jiƙe take. Na asid ma yana yin hakan amma bai kai na yashi ba, kuma goge shi ba wahala.

Maganin wannan shi ne dabal. Gilashi biyu da iska a tsakani, wanda aka fi yi nan shi ne mili 6, sarari mili 12, sai wani mili 6. Ki ce a juya fuskar da aka kankare ta kalli cikin sararin, ta yadda ruwa ba ya taɓa ta, hannu ba ya taɓa ta, ƙura ma haka, ciki da waje duk santsi kike gogewa. In ma maigida ya dage kan kalar gaban gida, a dabal ɗin ana iya saka akis a waje musallaj a ciki, kowa ya samu abin da yake so. Wannan shi ne abin da zan saka a gidana.

Akwai kuma mai zane, wanda ake matsa wa ado tun yana da zafi, wani kamar ɗigon ruwa wani kamar ganye wani layi-layi, irin na tsofaffin gidajen unguwar Hindawiyya ta Jidda da na Makka. Kar ado ya ruɗe ki, ba duka ne ke rufewa ba. Kamfanin Pilkington na Ingila har lamba yake ba nasa daga 1 zuwa 5, mai 5 shi ya fi rufewa, mai 1 kuwa kusan kwalliya ce kawai. Mai layi-layin nan da ake yayi yanzu yana da kyau a hoto amma in mutum ya matso kusa da shi ana gane shi sarai. Kuma ƙura tana kwanciya a cikin zanen.

Sitika kuma, gaskiya ta ƴan haya ce. Wanda yake zaune a shigga, wato fulat na haya, ya tarar da farin gilashi ba shi da ikon canzawa, ya manna abinsa ya huta, ranar tashi ya ɓare. Amma ke da kike gini daga tushe me zai kai ki? Tururin wanka ta ciki, ranar Jidda ta waje, gefe-gefen ne ke fara ɗagowa sai ta yi kumbura-kumbura, yara kuma da sun ga baki ya ɗago sun samu abin wasa. Kuɗin farin gilashi da sitika da mai mannawa in kin haɗa, tazararsa da musallaj ba ta kai a sha wannan wahalar ba.

Bulon gilashi, mai santi 19 tsawo da faɗi, yana kawo haske sosai kuma ɓarawo ba ya shiga ta nan, matsalarsa ba ya buɗuwa, in kin saka shi rayuwar banɗakin ta koma kan shaffaɗ kenan, wato fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, ranar da ya lalace sai wari da baƙin danshi a silin. Da irin ruɗubar, wato danshin iska, da muke sha a Jidda ni ba zan rufe banɗaki ruf ba. Shi kuwa mai lantarki da ake danna makunni ya yi fari ko ya washe, na otal ne, ki bar musu.

Sikurit da za ki ji suna faɗa ba wani nau'in sirri ba ne, ƙarfi ne. Ana gasa gilashin a wuta sama da digiri 600 a huce shi da sauri, sai ya ninka na gama-gari ƙarfi wajen sau 4 zuwa 5, in ya fashe kuma ya zube ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa maimakon ya zama wuƙa. Wajen da ake shiga ba takalmi ga santsi, ya cancanci kuɗinsa, musamman in tagar ta yi ƙasa. Kawai ki sani ba a yanka shi bayan an gasa, in za a fasa ramin shaffaɗ a jikin gilashin sai an faɗa tun wajen awo.

Yanzu abin da ya fi gilashin ma muhimmanci, wanda mugawil bai tambaye ki ba. Tagar ta yaya za ta buɗe? Sahhab, mai turawa gefe, da kin buɗe rabin tagar ya zama fili, duk tsadar gilashin ta tashi a banza. Gallab kuwa mai kwantowa ta sama, iska na shiga tururi na fita gilashin na nan tsaye a gaban ido. Mutanen da suka gina Balad, tsohon garin Jidda, sun gane wannan tun tuni, ki dubi rawashin ɗin nan, tagogin katako masu raga-raga, iskar teku na ratsawa na kan titi bai ga kowa ba. Sannan tsayi, in ƙasan tagar ya kai wajen santi 170 zuwa 180 daga daɓe ya wuce kan yawancin mutane, sai dai in maƙoci ya fi ku hawa yana kallo daga sama, ko kuma tagar tana kallon manwar, wato sararin da ake bari a cikin gini don haske da iska, inda taga ke fuskantar taga. Kuma a kula da inda aka saka fitila, in mutum ya tsaya tsakanin fitila da taga inuwarsa na fita a jikin musallaj ko wane iri ne, gara fitilar ta kasance a sama ta ɓangaren tagar. Kar a manta da silik, wato ragar sauro.

Kafin ku biya arbun, wato kuɗin kafin alƙalami, ki sa Abu Walid ya karɓo guntayen samfuri daga warsha, suna da su a zube. Bayan isha ya je ginin, a riƙe guntun a ramin tagar, a kunna fitila mai ƙarfi a ciki, Walid ya tsaya a baya, shi kuma ya fita titi ya duba, ya hau rufin ma ya duba, sannan a watsa wa gilashin ruwa a sake dubawa. Ki kuma faɗa min banɗakunan nawa ne ke kallon titi nawa ke kallon manwar, don na manwar ba lallai sai an kashe masa kuɗin dabal ba, musallaj na asid falle ɗaya da gallab ya ishe shi.